Stephen Keshi: daga kambun kyaftin zuwa bencin koci

Ranar 10 ga Fabrairu 2013 Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya da nema a Johannesburg ta ɗauki kofin nahiyar Afirka. Washegari kocin da ya ciyo kofin ya ce ya ajiye aiki. Sai da ministan wasanni na lokacin, Bolaji Abdullahi, ya zauna da shi kafin ya janye. Wanda ya fahimci abin da ya sa mutum zai ɗaga kofi yau ya rubuta takardar murabus gobe ya fahimci rabin tarihin Stephen Keshi. Sauran rabin yana cikin ɗakin sauya kaya, inda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa tun yana ɗan wasa.

Keshi ɗan asalin Illah ne a jihar Delta ta yanzu. An haife shi ranar 23 ga Janairu 1962, ya yi karatu a kwalejin St Finbarr's da ke Legas, makarantar da ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo. Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas, ya koma New Nigeria Bank ta Benin, inda suka ci kofin ƙungiyoyin yammacin Afirka sau biyu a jere, 1983 da 1984. Ɗan baya ne na tsakiya, mai ƙarfin jiki, mai doguwar ƙwallo, mai bugun tazara kamar harsashi. Yana da shekara 22 ya jagoranci Najeriya zuwa wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1984 a Abidjan, Kamaru ta ci su uku da ɗaya.

Rigimarsa ta farko da hukumar ƙwallon ƙafa ita ce ta buɗe masa ƙofar duniya. An dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa bisa laifin makara zuwa sansanin tawagar ƙasa. Maimakon ya zauna jiran afuwa, sai ya tsallaka Kwaddibuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan sannan Africa Sports, daga can Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 1986. Shekara ɗaya ya yi Anderlecht ta saye shi. A can ya ci kofin ƙalubale sau biyu, ya ci gasar ƙasar a 1991, ya kuma je wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Turai a 1990, wanda Sampdoria ta cinye da ci biyu da nema a ƙarin lokaci. Ya wuce Strasbourg ta Faransa ya taimaka mata ta hau rukuni na ɗaya a 1992.

Abin da ya fi kofunan nan muhimmanci ga aikin da zai yi daga baya shi ne gidansa a Beljiyam. A waɗannan shekarun ƙasar ta zama zangon farko na 'yan wasan Najeriya a Turai: Samson Siasia da Peter Rufai a Lokeren, Augustine Eguavoen a Gent, Daniel Amokachi a Club Brugge, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh a Liège. Keshi ne babban yaya. Shi ake kira idan an samu matsala da ƙungiya, shi ke nuna wa baƙo hanya, shi ya shigar da matashin Ghana Nii Lamptey Anderlecht. Ya iya Faransanci sosai, abin da ya buɗe masa aikin Togo da Mali daga baya. Daga nan laƙabin Big Boss ya bi shi. A tawagar ƙasa ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, 'yan jarida sun riƙa kiran gungun manyan 'yan wasan da ke kewaye da shi da sunan mafiya, saboda ana ganin suna da baki a kan wanda za a gayyata.

Lokacin da aka ci kofin 1994 a Tunisiya, jiki ya fara gaya masa gaskiya. Bai buga wasan ƙarshe da Zambiya ba, Eguavoen ne ya ɗaura kambu a fili, Emmanuel Amunike ya ci ƙwallaye biyun, amma da aka zo karɓar kofi Keshi ne ya ɗaga. A gasar cin kofin duniya ta Amurka wasa ɗaya ya buga, da Girka. Ya gama da wasa 64 da ƙwallo 9 a rigar Najeriya. A wannan shekarar ƙarshe, a taƙaice, yana shugabantar tawaga daga benci, wato ya riga ya fara rabin aikin koci ba tare da an ba shi sunan ba.

Abin da kyaftin ke tafiya da shi benci, da abin da ba ya tafiya da shi

Tsohon kyaftin yana shiga aikin horarwa da jari uku. Ya san yanayin ɗakin sauya kaya, ya san wanda ke buƙatar tsawa da wanda ke buƙatar lallashi. Yana da kwarjinin da ɗan wasan da ke karɓar albashin Turai ba zai iya ce masa "me ka taɓa yi?" ba. Kuma ya san dabarun da 'yan wasa ke yi wa koci, domin shi ma ya yi su. Abin da ba ya zuwa da shi shi ne tsara atisaye na mako guda, karanta abokin karawa ta bidiyo, sauya salo ana tsakiyar wasa, da zama da shugabannin hukuma a matsayin ma'aikacinsu. Kyaftin yana iya juya wa hukuma baya ya ce ba za a fita atisaye ba sai an biya alawus, tawaga ta tsaya a bayansa. Koci idan ya yi haka, takardar sallama ce ke jiransa, kuma babu wanda zai ƙi fita fili dominsa.

Keshi ya yi karatun horarwa a Amurka, ya dawo ya bi tsani. Ya yi mataimakin Jo Bonfrere a kofin Afirka na 2000. An ba shi Flying Eagles, tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, a gasar matasan Afirka ta 2001 a Habasha, aka fitar da su tun a rukuni. Ya zama mataimakin Shuaibu Amodu, suka ceto takarar zuwa gasar duniya ta 2002 da ta kusa suɓucewa. Bayan Senegal ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe a Mali, aka samu saɓani tsakanin manyan 'yan wasa da jami'an ma'aikatar wasanni, sai aka sallami Amodu da Keshi da Joe Erico gaba ɗaya, aka miƙa tawagar ga Adegboye Onigbinde. Gurbin da suka nemo, wani ya je Koriya da Japan da shi.

Togo

A 2004 Togo ta ɗauke shi. Ƙasar ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, a lokacin ba ta taɓa wuce matakin rukuni a kofin Afirka ba, kuma a neman gurbin gasar duniya ta 2006 a Jamus ta faɗo rukuni ɗaya da Senegal wadda ta kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya shekara biyu kafin nan, ga Zambiya, Mali, Kongo da Laberiya. Ƙasa ɗaya tak za ta wuce. Togo ta sha kashi a wasan farko a hannun Zambiya, daga nan ba ta sake rashin nasara ba a wasanni tara. Ta ci Senegal uku da ɗaya a Lome, ta je Dakar ta yi canjaras biyu da biyu, ta rufe da cin Kongo uku da biyu a Brazzaville a Oktoban 2005. Maki 23, Senegal 21.

Tsarin bai da wani sarƙaƙiya. Tawaga mai ƙarancin taurari tana tsayawa a dunƙule a baya, ba ta barin fili tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya, idan ta ƙwace ƙwallo ta aika wa Emmanuel Adebayor da Mohamed Kader da sauri. Adebayor ya ci ƙwallo 11 a wasannin neman gurbin, fiye da kowa a Afirka. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Keshi gwarzon koci na 2005.

A nan ne raunin irin wannan gini ya bayyana. Tawagar da ta dogara da mutum ɗaya ta mayar da shi ƙadangaren bakin tulu. A kofin Afirka na 2006 a Masar, Adebayor, wanda bai daɗe da komawa Arsenal daga Monaco ba, ya fara wasan farko da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a benci. Ya fito fili ya zargi Keshi da neman zama dillalinsa a cinikin sauya sheƙa, Keshi ya musanta. Togo ta sha kashi a wasanni uku duka. Hukumar ƙasar, ƙarƙashin Rock Gnassingbé, ta auna wanda za ta iya rasawa tsakanin koci da tauraro, ta sallami koci, ta kawo Bajamushe Otto Pfister 'yan watanni kafin gasar Jamus. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, karo na biyu ke nan. Pfister ma bai ji daɗin gadon ba, don rikicin alawus ya sa ya yi fushi ya bar sansani kwanaki kaɗan kafin wasan farko sannan ya dawo, kuma Togo ta koma gida ba maki ko ɗaya.

Aikin Mali daga 2008 zuwa farkon 2010 za a iya wuce shi da sauri. Yana da Frédéric Kanouté, Seydou Keita, Mahamadou Diarra da Momo Sissoko, ya kai su kofin Afirka a Angola, inda suka farke ƙwallo huɗu a mintuna goma sha ɗayan ƙarshe da ƙarin lokaci suka tashi huɗu da huɗu da mai masaukin baƙi. Sun yi maki huɗu daidai da Aljeriya, amma Aljeriya ta ci su a karawarsu, don haka ita ta wuce. Aka sallame shi.

Najeriya, Nuwamba 2011 zuwa Fabrairu 2013

Wannan ne ɓangaren da ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ake ganin aikin koci dalla-dalla.

Siasia ya kasa kai Najeriya kofin Afirka na 2012 bayan canjaras biyu da biyu da Gini a Abuja. Hukumar da Aminu Maigari ke jagoranta ta ba Keshi aikin. Matsalar da ya tarar ita ce wadda kowane kocin ƙasa ke fama da ita: 'yan wasan Turai ba nasa ba ne. Dokar FIFA ta tilasta wa ƙungiyoyi sakin su na 'yan kwanaki ne kawai kafin wasa, da kusan mako biyu kafin babbar gasa. Mai wasa ranar Lahadi a Ingila ko Rasha zai iso Talata, ya huta Laraba, a yi atisaye biyu ko uku, a buga wasa Asabar. A irin wannan lokaci ba a koya wa 'yan baya huɗu yadda za su tashi tare su koma tare, kuma ba a tsoratar da wanda ya san ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba rigarsa tana jiransa.

Maganin da Keshi ya kawo shi ne sansanin 'yan wasan gida. Ya tara 'yan gasar Najeriya a Abuja na makonni, safe da yamma, ya tace su, ya nema musu wasannin sada zumunta da Angola, Laberiya, Masar da Peru. Wannan ya ba shi abu biyu. Na farko, gungun mutanen da suka san abin da yake so ba sai an maimaita ba, waɗanda za a ɗora na Turai a kansu. Na biyu, bulala: duk wanda ya zo daga Turai yana jan ƙafa ya ga akwai mai yunwar rigarsa zaune a gefe. Hanyar tana da tsada, don kuɗin otal da abinci da alawus na makonni a kan hukuma suke, kuma ƙungiyoyin gida suna ƙorafin an riƙe musu 'yan wasa. Amma ita kaɗai ce hanyar da kocin ƙasa zai samu lokaci irin na kocin ƙungiya.

Bayan fitar da Ruwanda, da lallasa Laberiya shida da ɗaya a Kalaba a neman gurbin kofin Afirka na 2013, ya fitar da sunayen mutum 23 da suka tayar da ƙura. Babu Peter Odemwingie, babu Obafemi Martins, babu Yakubu Aiyegbeni, babu Taye Taiwo. Akwai 'yan gida shida: Chigozie Agbim, Godfrey Oboabona, Azubuike Egwuekwe, Ejike Uzoenyi, Sunday Mba da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Odemwingie ya hau Twitter ya yi ta ruwan maganganu. Keshi ya kwashi tawagarsa zuwa Faro a Fotugal ya rufe ƙofa. Mutumin da ya taɓa zama shugaban gungun manya a sansani ya san sarai yadda gungun ke raba tawaga, kuma bai yarda a yi sarki biyu a gari ɗaya ba.

Wasannin rukuni ba su nuna alamar kofi ba. Da Burkina Faso, Emmanuel Emenike ya ci, aka kori Efe Ambrose, Alain Traoré ya farke a daƙiƙun ƙarshe. Da Zambiya, John Mikel Obi ya ɓarar da fanareti, Emenike ya sake ci, golan Zambiya Kennedy Mweene ya farke da fanareti. Da Habasha, har minti na 79 babu ci, kuma da an tashi haka Najeriya da Zambiya za su yi daidai a maki da ƙwallaye, a koma ƙirga katuna, inda Najeriya ce a ƙasa. Victor Moses ne ya kutsa sau biyu aka kayar da shi, ya ci fanareti biyun.

Sai dai a cikin wasannin nan uku Keshi ya yi gyare-gyaren da suka ci kofin. Kyaftin Joseph Yobo ya ji rauni bayan wasan farko, aka haɗa Kenneth Omeruo mai shekara 19 da Oboabona a tsakiyar baya, kuma da Yobo ya warke Keshi bai mayar da shi ba. Wannan hukunci ne mai nauyi daga mutumin da shi kansa ya kalli wasan ƙarshe na 1994 daga benci. A tsakiya, Mba ya karɓi gurbin Nosa Igiebor. Da katin gargaɗi ya hana Fegor Ogude buga zagayen 'yan takwas, Ogenyi Onazi mai shekara 20 ya shiga, kuma shi ne ya daidaita komai. Onazi yana share gaban 'yan baya, yana bin duk wanda ya ɓalle, wannan ya saki Mikel daga aikin gadi da yake yi a Chelsea, ya koma riƙe ƙwallo da raba ta. Mba yana ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita gaba. Moses da Brown Ideye a gefe, Emenike a gaba, Vincent Enyeama a raga.

Kwaddibuwa ta zo Rustenburg ranar 3 ga Fabrairu da Didier Drogba, Yaya Touré, Gervinho da Salomon Kalou, kuma kusan kowa ya gama yanke hukunci. Najeriya ba ta koma baya ta jira ba, ta matse su tun daga tsakiya ta hana Yaya juyawa. Dab da hutun rabin lokaci aka samu bugun tazara daga nesa, Mikel ya ɗan taɓa wa Emenike, ya saki wata ƙwallo mai ƙarfi da ta wuce ta gefen hannun Boubacar Barry. Cheick Tioté ya farke da ka bayan an dawo. A minti na 78 Mba ya karɓi ƙwallo kusa da da'irar tsakiya, ya yi ta tafiya 'yan baya suna ja da baya, ya buga daga bakin da'irar gida, ta taɓa Sol Bamba ta yi sama ta faɗa bayan gola. Mali ta sha huɗu da ɗaya a Durban, Ahmed Musa ya shigo daga benci ya ci ta huɗu.

A wasan ƙarshe babu Emenike, rauni ya hana shi. Minti na 40, Moses ya buga aka tare, ƙwallo ta yi tsalle a bakin da'ira. Mba ya tarbe ta, ya ɗaga ta da ƙafar dama ta haye kan Mohamed Koffi, kafin ta sauka ya ɗauke ta da hagu zuwa kusurwa mai nisa. Ɗan wasan da watanni kaɗan kafin nan ba a san shi ba a wajen gasar gida. Yobo ya shigo a mintunan ƙarshe ya ɗaga kofi. Ƙwallo 11 aka ci, 4 aka zura wa Najeriya a wasa shida. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

To me ya kawo murabus? Keshi ya yi ƙorafin cewa tun ana wasannin rukuni jami'an hukuma suka yi ta matsa masa, ana maganar maye gurbinsa da Bature, kuma ba su yi tsammanin za a wuce Kwaddibuwa ba. Dama tun kafin gasar ya faɗa a fili cewa yawancin Turawan da ake kawowa horarwa a Afirka kuɗi ya kawo su, ba sa yin abin da ɗan ƙasa ba zai iya ba. Murabus ɗin barazana ce irin ta kyaftin, a lokacin da ƙasa duka ke bayansa, kuma ta yi aiki a ranar. Illarta ita ce ta kai maganar sama da hukuma, zuwa ga minista da fadar shugaban ƙasa. Masu riƙe da takardar aikinsa ba su manta ba.

Daga kofi zuwa sallama

Watanni kaɗan bayan kofin, hukumar ta ce ba ta da kuɗi. Ta rage ma'aikatan benci, ciki har da mataimakinsa Sylvanus Okpala, ta rage ladan cin wasa daga dala 10,000 zuwa 5,000. 'Yan wasa suka ƙi tashi daga Namibiya zuwa gasar zakarun nahiyoyi a Birazil sai da aka sa baki, suka isa a makare. A Oktoban 2013 Keshi ya bayyana cewa yana bin albashin wata bakwai, a kan naira miliyan biyar duk wata. Cikin wannan hali ya fitar da Habasha gida da waje ya samu gurbin gasar duniya, ya kuma kai 'yan gida matsayi na uku a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a farkon 2014. A can ne Maroko ta ci uku kafin hutu, Najeriya ta farke duka, da ƙwallon Rabi'u Ali na Kano Pillars a ciki, ta ci ta huɗu a ƙarin lokaci.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zaɓen 'yan wasan gasar duniya ta 2014 ya nuna inda ikon mutum ɗaya ke yin tuntuɓe. Ya sasanta da Odemwingie da Yobo ya dawo da su, wannan daidai ne. Amma ya bar Ikechukwu Uche, wanda ke cin ƙwallaye a Villarreal, kan batun ɗa'a da rashin bin tsari, ya bar Ideye da Mba, ya tafi da wasu da ba sa samun wasa a ƙungiyoyinsu. Goma sha ɗayan farko suna da ƙarfi, benci kuwa babu nauyi. An tashi babu ci da Iran, wasan da Najeriya ta riƙe ƙwallo ta rasa yadda za ta fasa tawagar da ta tsugunna a gida, abin da dama ba a gina tawagar Keshi don shi ba. Odemwingie ya ci Bosniya. Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a wasan da aka tashi uku da biyu. Keshi ya zama koci ɗan Afirka na farko da ya tsallake rukuni a gasar duniya.

Wasan Faransa a Brasilia ya nuna ramin ƙarara. Kwanaki kafin wasan 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye kan kuɗi. Duk da haka Najeriya ta riƙe Faransa kusan awa guda, har an soke ƙwallon Emenike saboda satar gida. Sai Blaise Matuidi ya taka idon sawun Onazi, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, alƙalin wasa ya ba da katin gargaɗi kawai. Reuben Gabriel ya shiga, tsakiya ta buɗe. Didier Deschamps ya cire Olivier Giroud ya sa Antoine Griezmann, ya mayar da Karim Benzema tsakiyar gaba, ƙwallo ta koma gidan Najeriya ta zauna. Enyeama ya yi ta ture ƙwallaye har minti na 79, inda ya taɓa wata kwana bai kore ta da nisa ba, Paul Pogba ya sa kai. Ta biyu Yobo ne ya ci gida. Bencin Najeriya ba shi da amsar ko ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan biyu.

Kwantiraginsa ya ƙare da gasar, a daidai lokacin da hukumar kanta ta rufta rikicin shugabanci: kotu ta dakatar da Maigari, FIFA ta dakatar da Najeriya na 'yan kwanaki a Yuli, Chris Giwa ya ce shi ne shugaba, aka zaɓi Amaju Pinnick a Warri ƙarshen Satumba. Keshi ya yarda ya ci gaba da riƙe tawagar ba tare da takarda ba, bisa roƙon ma'aikatar wasanni. Wannan shi ne kuskurensa mafi girma a harkar aiki. Kwantiragin koci shi ke fayyace tsawon wa'adi, abin da ake so ya cimma, wanda ke da ikon gayyatar 'yan wasa, wanda ke zaɓen mataimaka da biyansu, ranar biyan albashi da abin da zai biyo baya idan an yi jinkiri, da diyyar da za a biya idan an sallame shi kafin lokaci. Diyyar nan ita ce garkuwar gaske, don ita ke sa hukuma ta yi tunani sau biyu. Wanda ba shi da ita ana iya korarsa da sanarwar layi biyu, kuma 'yan wasa ma sun san haka, sai kwarjinin ya fara zagwanyewa.

Haka aka yi. A wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2015, Kongo ta koci Claude Le Roy ta ci Najeriya uku da biyu a Kalaba, aka yi canjaras da Afirka ta Kudu a Cape Town, Sudan ta ci ɗaya a Khartoum. Najeriya ta rama uku da ɗaya a Abuja ranar 15 ga Oktoba, washegari aka sallame shi aka naɗa Amodu na riƙo. Bayan mako biyu aka dawo da shi, bayan shugaba Goodluck Jonathan ya sa baki. Ya kira Uche da ya yi watsi da shi, Uche ya ci fanareti a nasarar biyu da nema a Pointe-Noire. A Uyo ana buƙatar nasara, Afirka ta Kudu ta ci biyu, Sone Aluko ya farke biyun, aka tashi haka. Mai riƙe da kofi bai je kare kofinsa ba: Afirka ta Kudu maki 12, Kongo 10, Najeriya 8.

An ba shi kwantiragin shekara biyu a Afrilun 2015, bayan watanni ana ja-in-ja kan sharuɗɗa, daga hukumar da ta riga ta nuna ba shi take so ba. A ƙarshen Mayu gwamnatin da ke tsaya masa ta sauka. Ya ci Chadi biyu da nema a Kaduna a watan Yuni. Sai sunansa ya fito cikin jerin masu neman aikin kocin Kwaddibuwa. Ya ce bai nema ba, wani ne ya tura sunan ba da izininsa ba. Hukumar ta kafa kwamitin bincike, ranar 4 ga Yuli 2015 ta sallame shi bisa rashin sadaukar da kai ga aiki, ta ba Sunday Oliseh, ɗaya daga cikin ƙannen nan na Beljiyam.

Matarsa Kate ta rasu a Disambar wannan shekarar bayan fama da ciwon daji. Keshi ya rasu a Benin a daren 7 ga Yuni 2016, yana da shekara 54, aka binne shi a Illah, kuma filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa. Shuaibu Amodu, wanda aka kore su tare a 2002 kuma aka ba shi kujerarsa a 2014, ya je gidan ya yi ta'aziyya. Kwana uku bayan rasuwar Keshi shi ma ya rasu, a garin na Benin.